Kuben da Ka Bari, Ɗanasabe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin ranar Asabar, ashirin da huɗu ga watan Mayu na shekarar 2025, Allah Ya karɓi ran taubashina, abokin yawona, Malam Ɗanasabe Uba Dangora, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ina gona ina duba masarar da ruwan farko ya ruɗe mu muka shuka, sai ga ɗansa Muzammil a kan babur. Bai kashe babur ɗin ba, bai kuma sauko ba. Ya dai ce, "Baba Mujitaba, Baba ya cika." Na yar da fartanya a tsakanin kunyoyi, har yau ban koma na ɗauko ta ba.

Ɗanasabe, ranar Asabar ka zo, sunanka ma ya faɗa, ranar Asabar kuma ka koma. Ko a nan sai da ka nuna mini halinka na mutumin da ba ya son a sauya masa tsari. Mun yi maka sutura, mun sallace ka bayan azahar, mun kai ka makwancinka ƙasa da sauran danshinta. Jama'a suna ta faɗin alherinka, ni kuwa abu ɗaya ke ta kai-kawo a raina: ka tafi ba ka ga wuƙar ba. A ranar kubenta yana nan rataye a ƙusa cikin zaurenka, wayam, kamar yadda muka san shi tun muna yara. Wannan ne ya hana ni jin daɗin tuwo har bayan addu'ar bakwai.

Wanda bai san ka ba zai ce wace irin wuƙa ce ake yi wa wannan jimami, saboda haka bari in faɗa.

Mahaifinka, Uba Maƙeri, mijin goggona ne, ta nan muka zama taubasai, ta nan kuma na samu lasisin tsokanarka har ka bar duniya. Ya ƙera wa mutanen Dangora garemani da lauje da gatari ba iyaka, amma wuƙa guda ya ƙera don gidansa. Ya ce taka ce, zai damƙa maka ita ranar da za ka yanka ragon layyarka na farko. Baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, ya ɗinka shi da jiƙaƙƙiyar fata a jikin wuƙar, ya bar shi ya bushe a kanta har ya ɗauki siffarta. In aka mayar da ita sai ka ji ta zauna tsaf, ko ka kifa kuben ba ta faɗuwa.

Wata ranar kasuwa, muna 'yan shekara goma sha, mahaifinka yana dawowa daga Tudun Wada ya tarar da wani makiyayi a gefen hanya, bijiminsa ya faɗa kwazazzabo ya karye, numfashinsa yana shirin ƙarewa. Mutumin ya rasa tasa wuƙar a wajen ƙetare rafi, yana tsaye yana kallon dukiyarsa za ta zama mushe. Mahaifinka ya zare tasa ya miƙa masa. Hadari ya taso, motar da zai hau tana jira, sai ya ce masa ya yanka ya feɗe a tsanake, sa haɗu kasuwa mai zuwa. Ko sunan juna ba su tambaya ba. Ya dawo gida da kube a ɗamara, ruwa ya yi masa duka, zazzaɓi ya kwantar da shi, kasuwa mai zuwa ta ci yana kabari. An rufe maƙera, 'yan'uwansa suka raba kayan aiki, kai kuma ka ɗauki kuben, ba wanda ya yi maka jayayya a kansa.

Ba ka gaji ƙira ba, ba a bar ka da wanda zai koya maka ba. Noma ka yi, ka kuma yi shi da kyau. Amma hannun maƙeri bai bar ka ba, ya ɓulla ta wajen wasa wuƙa. Kana da wani faffaɗan dutse da ka ɗauko daga bakin rafi, tsakiyarsa ta lotsa don aiki, kuma duk shekara in Babbar Salla ta gabato sai ka sa a yi shela: duk mai wuƙar da ta dakushe ya kawo, ba ko sisi. Sharaɗinka ɗaya ne, in tsohuwa ce za ka gwada ta a kuben. Kana zaune a gindin ɗorawar bayan gidanka, kwanon ruwa a gefe, za ka karɓi wuƙa da hannu biyu, ka rufe ido, ka bi gadon bayanta da babban yatsa tun daga ƙota har tsini, sannan ka zura ta a hankali. In ba ta zauna ba ka ce, "Ba ita ba ce, amma ita ma 'yar wani ce," ka wasa ta kamar ita ɗin ce.

Da haka mutane suka fara zama. Wanda aka gama wa tasa ba ya tashi, sai ya ga ta na bayansa. Wani ya ce akwai wata a gida ta kakansa, baɗi zai kawo. Ni na zo da zabirar mahaifina, wanda wanzami ne, na baje asake ina ba da tarihin da rabinsa ni na ƙara. Maikano baduku ya zo don kubanni ya zauna don hira. Kafin mu farga abin ya zama al'ada, aka ware masa Asabar ɗin da ta biyo bayan makon Salla, lokacin da aka gama da nama aka wanke hannu, mutane kuma suka sa masa suna Zaman Kube. Ana zuwa daga Kiru da Ɗansoshiya, daga Bebeji, har daga Doguwa, kowa da ƙunshinsa a naɗe cikin tsumma mai maiƙo.

Ka kafa wa zaman dokoki, ka kuma tsare su fiye da yadda ka tsare gonarka. Ba a ciniki. Ba a zare wuƙa sai da bisimilla da iznin mai ita. Ba a miƙa ta sai ƙota na gaba. Wuƙar da aka san ta taɓa jinin mutum ba ta hawa tabarma. Da aka tambaye ka takubban kakanni fa, sai ka ce waɗannan Allah ne Ya san inda suka je, a rataye su a reshe su yi kallo daga sama. Wani saurayi ya taɓa zuwa da irin wuƙar da 'yan daba ke sokewa a ƙugu, yana taƙama. Ba ka kore shi ba, ka zaunar da shi kusa da kai, ka ba shi fura, ka sa shi ya riƙa zuba maka ruwa a dutse har la'asar. Da zai tafi ka ce ya bar maka ita aro, ka ba shi lauje. Yanzu magidanci ne, yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinka.

Idan na rufe ido yanzu, can nake samun kaina. Ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, tabarmi a shimfiɗe, rana tana ratsowa ta ganyen ɗorawa tana sauka a kan ƙarafa, haske yana tashi daga wannan ya faɗa kan wancan, ya hau fuskokin dattawa yana rawa. Ga barhon mahauta mai faɗin tafin hannu, ga wuƙar damtse irin ta Buzaye, ga 'yar siririyar da ake fafe ƙwarya da ita, ga mai ƙotar ƙaho da aka yi wa zobe da tagulla. Takubba suna lilo a reshe, in iska ta kaɗa su taɓa juna a hankali. Ba mai ɗaga murya. Ƙarƙashin duk hirar kuma akwai sautin dutsenka, shuu, shuu, yana tafiya yana dawowa, har mutum ya rasa ko a farke yake ko gyangyaɗi ya ɗauke shi. Sau da yawa nakan ga kamar masu wuƙaƙen na farko, waɗanda suka daɗe a ƙasa, sun zo sun tsuguna a bayanmu suna duba ko ana kula da kayansu. Na taɓa gaya maka haka, ka ce furar matarka Rabi ce ta yi mini yawa.

Ba masu ƙunshi kaɗai ka yi wa hidima ba. Tun kafin Salla kakan aiki 'yarka Bushira da kwando gidajen da babu namiji, ta karɓo wuƙaƙen girki na zawarawa da tsofaffi, ka wasa su, wadda ƙotarta ta girgiɗe ka sake mata, a mayar kafin masu ita su nema. Iya Hasiya mai tuwo ta ce da ni ranar zaman makoki, tun rasuwar mijinta ba ta taɓa yanka kuɓewa da dakusasshiyar wuƙa ba, kuma ba ta taɓa roƙo ba. Ta faɗa tana share ido da bakin mayafi.

Yawon neman kuwa, ni na sha shi. Da rani, in an kawar da amfanin gona, sai in ji babur ɗinka a ƙofar gidana. Wani ya gaya wa wani cewa akwai wani tsoho a bayan Tudun Wada mai wuƙar da ba a san maƙerinta ba. In ce maka, "Ɗanasabe, kai fa mahaukacin gidanmu ne, Goggo ta haifa mana aiki." Ka ce, "Hau mu tafi, bawana, mai nema yana tare da samu." In hau. Mun shiga rugage, mun shiga rumfunan mahauta, mun zauna a zaurukan da aka ɗauke mu masu neman aure. A Bebeji ka taɓa zura wuƙar wani dattijo ta shiga ta ƙi fita. Na ce yau abin nema ya samu. Ashe faɗi ta yi wa kuben, ta cije. Muka wuni muna ɗiga man gyaɗa muna lallaɓa ta, mai ita yana zaune yana harararmu, ya ƙi ko amsa sannu. A hanyar dawowa, da muka hango Dangora, sai ka ce, "Ka san na ji muryar Baba ɗazu?" Ban tsokane ka ba ranar.

A wani dogon hawa kan hanyar Doguwa, babur ya mutu muna tura shi, na yi maka alkawari. Na ce in dai wuƙar nan tana bayan ƙasa, ba za ka mutu ba sai ka riƙe ta. Ka yi dariya ka ce da wa na yi shawara. Maganar taubashi ce, amma har zuciyata na faɗe ta, kuma ita ce ta dawo ta zauna mini a ƙirji ranar da Muzammil ya same ni a gona.

Cikin masu zuwa zaman akwai Habu, Bafulatani daga wata ruga a yammacin Ɗansoshiya, dogo, mai ƙarancin magana. Shekarun baya ya fara zuwa, wani ne ya ja shi. Ba shi da ƙunshi. Da aka zo kansa ya ciro wata 'yar wuƙa daga aljihu, a naɗe cikin tsohuwar fatar akuya, siririya, wasa ya cinye cikinta har ta rankwafa, an ɗaure ƙotarta da robar tayar keke. Ya ce, cikin jin nauyi, "Ni ba ni da ta ado. Wannan ita kaɗai Baffa ya bar mini, shanun sun riga shi tafiya. Da ita aka yanka ragon sunana, da ita na yanka na 'ya'yana."

Ka karɓa da hannu biyu yadda ka saba. Ka rufe ido, ka bi bayanta da yatsa. Ka daɗe. Sannan ka zura ta a kube, ta faɗa ciki sululu, tana karkaɗawa kamar ludayi a tukunya. Muka fashe da dariya, ni na fi kowa. Maikano ya ce uku irinta ma sa shiga su bar wuri. A wajenmu kube shi ne alƙali, abin da bai kama ba ba nasa ba ne, a kan haka aka kafa zaman tun farko. Ka zaro ta a hankali, ka dubi Habu, ka ce, "Allah Ya jiƙan Baffanka. Ya iya riƙon wuƙa." Ka jawo dutse.

Daga ranar Habu bai sake fashi ba. Duk shekara yana zuwa da ɗan kwanon man shanu, da shi kake shafe kuben don kada ya bushe ya tsage. Kai kuma duk shekara tasa kake bari ta ƙarshe, in rana ta yi sanyi mutane sun fara naɗe tabarmi. Ba ka sa ta a babban dutse, wani ɗan sumul kake cirowa daga aljihu, kana shafa ta sama-sama kamar mai tsoron ta farka. Na sha ce maka, "Wannan tsinken me kake nema a jikinsa? Takobin Sarkin Yaƙi ma ba ka ba shi rabin wannan lokaci ba." Sai ka ce, "Ƙarfenta ya kusa ƙarewa, dole a ci shi da tattali." Ka ci gaba da gwada wuƙaƙen baƙi kamar da, sai dai yawon rani ya ragu. Na ɗauka tsufa ne, har na riƙa yi maka gori cewa gwiwa ta gaza.

Bayan addu'ar bakwai Rabi, matarka, ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa, labule a tsakaninmu. Na yi mata ta'aziyya, na kasa riƙe bakina, na ce abin da ya fi ci mini rai shi ne ka tafi da burinka. Sai ta ce, "Malam Mujitaba, ai ya gan ta."

Na ce, "Ya ga me?"

Ta ce, "Wuƙar. Shekarar da Habu ya fara zuwa. Ya shigo da yamma ya zauna a nan bakin murhu, ya ce, Rabi, yau na riƙe wuƙar Baba. Tana nan da ranta, tana aiki."

Ta ba ni sauran labarin a hankali, yadda ka ba ta. Ashe kana yaro ka taɓa satar wuƙar ka sari bakin uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kansa, da bayanta, wai kana gwada ƙarfi, ta yi ɗan giɓi kusa da ƙota, ka sha bulala a kai. Wannan giɓin kake lalube da yatsa duk shekarun nan, mu muna zaton salo ne. Wasa yana cin kaifi, ba ya taɓa gadon baya. Mu da muke adana wuƙaƙe a tsumma, mu fito da su sau ɗaya a shekara mu mayar, mun manta cewa wadda ake aiki da ita ramewa take yi. Fiye da shekara hamsin tana yanka tana fiɗa tana hawa dutse, muna jiran ta dawo da jikin da ta tafi da shi.

Na ce, "To me ya hana shi magana? Ga wuƙa ga nama a hannunsa."

Ta ce ita ma ta tambaye ka. Ka ce mata in ka furta, Habu ba zai kwana da ita ba, zai ajiye ta a gabanka ya tafi hannu wofi, alhali shi ma abin da ubansa ya bar masa ke nan. Ka ce kai mahaifinka ka sani da ita shekara kaɗan, shi kuwa duk rayuwarsa a hannun nasa uban ya gan ta. Ka ce Baba da kansa ya zare ta ya bayar don ta yi aiki, ba ka ga dalilin da za ka dawo da ita ka rataye a ƙusa ba. Sannan ka ce, in aka ce an samu, me zai sake tara mutanen nan a gindin ɗorawa?

Hannunta ya fito ta gefen labule da kuben, yana ƙamshin man shanu. Ta ce ka bar wasiyya da bakinka ana gobe za ka cika: in zaman bana ya zo, ni zan miƙa wa Habu, in gaya masa gaskiya a gaban jama'a, kada kuma in bari ya mayar. Ta ce ka ƙara da cewa, "Ki gaya wa bawan nan nawa ai ya riga ya cika alkawarinsa, ya daina kumbura fuska."

Ɗanasabe, ka cuce ni. Shekaru kana kallona ina yi wa wuƙar ubanka dariya, ina kiran ta tsinke, kana murmushi kana shafa ta. A duk tsokanar da muka yi tun muna tsirara, wannan ce ka ci ni da ita, ka kuma tafi inda ba zan rama ba. Na fito daga gidanka ina dariya hawaye yana zuba, har wasu suka tsaya suna kallona a hanya.

An yi zaman bana. Da farko wasu sun ce a ɗage, Muzammil ya ce mahaifinsa bai taɓa ɗagewa ba. An shimfiɗa tabarmi, an rataye takubba, an baje ƙarafa, hasken ma ya zo ya yi rawarsa yadda ya saba. Dutsenka yana wurinsa da kwanon ruwa, ba wanda ya zauna a gabansa. Sai ranar na san cewa sautin nan shi ke riƙe da hirar, don kowa ya fara magana sai ya ji ta yi ƙara da yawa ya sassauta.

Da rana ta yi sanyi na kira Habu. Ya zo da kwanon man shanunsa, bai san wa zai ba ba. Na roƙi iznin ganin wuƙarsa, na yi bisimilla, na bi bayanta da yatsa, na ji giɓin, ɗan ƙarami, daidai bakin robar. Na ba da labarin tun daga bijimin da ya faɗa kwazazzabo. Ban kai ƙarshe ba Habu ya zauna a ƙasa. Ya ce Baffansa yakan ce wani bawan Allah ya taɓa fitar da shi kunya a hanyar Tudun Wada, ya yi ta komawa kasuwar yana duba fuskoki bai sake ganinsa ba, amma bai taɓa gaya musu cewa wuƙar ce ba. Ya juya ta, ƙota na gaba, ya miƙa wa Muzammil da hannu biyu.

Muzammil ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce, "Baffa Habu, Baba ya ce kube ne zai bi wuƙa."

Habu ya karɓi kuben daga hannuna. Ya zura ta, ta faɗa ciki sululu kamar wancan karon, ba wanda ya yi dariya. Maikano ya matso ya ce a ba shi kwana biyu zai tsuke shi ya kama ta tsaf. Habu ya girgiza kai. Ya ce a bar shi yadda yake, ya san girman da take da shi ranar da aka ba Baffa.

Ya ajiye man shanun a kan dutsenka, ya ɗaura kuben a ƙugu, ya yi mana sallama ya kama hanyar Ɗansoshiya a ƙasa. Duk takun da ya yi wuƙar tana taɓa cikin kuben, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Muna zaune shiru muna ji har ya gangara bayan gonakin masara, muka daina ganinsa, sautin bai ɗauke ba sai can. Maikano ne ya fara magana, ya tambaya wa zai zauna a dutse baɗi. Muzammil ya tashi ya zuba masa ruwa.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗanasabe ɗan Uba ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa wani asiri ya bar masa abin da ya fi so a duniya, Ka rufa masa nasa, Ka ba shi abin da ya fi shi. Ka haɗa shi da mahaifinsa da mahaifin Habu a inuwar da ba ta gushewa, su ƙarasa gaisawar da hadari ya katse musu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rabi, Allah Ya ba ki haƙuri da ladan riƙon amana. Ga Muzammil da Bushira da ƙannensu da jikoki, Allah Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Ga Habu da iyalinsa, waɗanda suka zama dangi tun kafin su sani, ga 'yan Zaman Kube na kusa da na nesa, da dukkan mutanen Dangora, Allah Ya ba mu jure rashi. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Na shiga zaurenka jiya, Ɗanasabe. Ƙusar tana nan, ba komai a jikinta, kuma karon farko tun rasuwarka na dubi wurin raina bai ɓaci ba. Allah Ya jiƙan ka, taubashina. Amin.

Mujitaba Adamu, Dangora.